Sun canza mana ƙa'idar bonas bayan mun gama aikin shekara, ku ba ni shawara

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa amma wallahi abin ya tsaya min a rai gara in faɗa ko na samu mai ba ni shawara. Ina aiki a wani kamfani da ke raba kayan asibiti, safar hannu, sirinji, kanula, ledar ƙarin ruwa, bandeji, tsinken gwajin suga da sauransu, ni a ɓangaren talla nake kuma shekarata shida a wurin. Farkon shekara aka tara mu miting manaja yace duk wanda ya cika taget ɗinsa zai samu bonas na albashin wata biyu. A wurin na ɗaga hannu nace oga ko za a ba mu a rubuce, yace haba Malam mu da ku ai an zama ɗaya, maganata ta isa. Toh na cika taget har na wuce, kashi 112 na yi, ba na hutun ƙarshen mako, asibitin da sau bakwai na je kafin su yarda su gwada kayanmu yanzu su ne manyan kwastomominmu.

Sai ga imel saura wata ɗaya shekara ta ƙare, wai bonas ba a kan abin da ka sayar za a lissafa ba, a kan kuɗin da ya shigo asusun kamfani ne, kuma duk kayan da aka dawo da su za a cire daga lissafinka, a ƙarshe kuma aka sa wani layi wai biyan bonas yana hannun hukumar gudanarwa in ta ga dama. Da sabon lissafin na faɗo kashi 81, ma'ana babu ko sisi. Mu goma sha tara ne a talla mutum biyu kacal suka tsira.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, shekara uku ba a ƙara min albashi ba, sannan na gano yaron da aka ɗauka bana wanda ni nake zagayawa da shi ina nuna masa kwastomomi ya fi ni albashi. Ba hassada nake masa ba Allah ya sani, yaro ne mai ladabi. Amma ni ina nake a lissafinsu? Na yi wa iyalina alkawura a kan kuɗin nan. In yi shiru ne, in yi magana, ko in fara neman wani wuri?

Kawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi haƙuri, ka riƙe aikinka da hannu biyu. Akwai dubunka a waje da takardu suna neman rabin abin da kake ɗauka. Bonas ai kyauta ce, in an ba ka ka gode in an hana ka ba a ci bashinka ba. Da babu gara ba daɗi.

Ɗan Sito:
Kawu da girmanka amma ban yarda ba. Kyauta ita ce wadda ba a ce ka yi kaza in ba ka kaza ba. Wannan an gindaya sharaɗi mutum ya cika, ya zama haƙƙi. Annabi (SAW) cewa ya yi a ba wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, wannan kuwa gumin ya bushe har an sake wani.

Baban Ilham kai ma da sauƙi ku 'yan talla ko alkawarin ana muku. Ni shekarata tara a sito a irin wannan harkar, mu ko sunanmu ba ya zuwa in ana maganar bonas alhalin duk katan ɗin da kuka sayar ta hannunmu ya bi. Ba zan manta 2020 ba, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris wayoyinmu ba su ƙara hutawa ba, takunkumi da safar hannu suka zama kamar zinare, mafi yawan safar hannun roba na duniya daga Malesiya suke fitowa kuma masana'antun can ba sa iya cika oda, duk wanda ke da kaya a ƙasa shi ne sarki. A sito muke kwana wallahi, mutane na kulle a gida mu muna sauke kwantena, muna tsoron mu kai wa 'ya'yanmu cuta. Kamfani ya samu ribar da bai taɓa samu ba. Mu abin da muka samu takardar yabo ce mai hoton tambarin kamfani. Da farashi ya faɗo daga baya aka bar su da kayan da suka sayo da tsada, sai aka tara mu aka ce mun ga halin da ake ciki babu ƙarin albashi. Ranar riba ba a kira mu ba ranar asara aka tuna da mu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan.

Kuma in an yi ƙirgan kaya aka samu giɓi, ba a bincike a gano daga ina ne, kawai raba asarar ake a kan mu duka a yanke a albashi. Mukullai uku ne da sito, ɗaya na hannun manaja, amma shi ba a taɓa yankar nasa ba.

Malam Akanta:
Bari in faɗi wani abu da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, ni akanta ne a wani kamfanin rarraba kaya irin naku, ba naku ba. Lissafin bonas a kan kuɗin da ya shigo ba zalunci ba ne a karan kansa. A wannan harkar kai kana biyan masana'anta tun kafin kaya su taso ko da sun iso, ka biya jirgi da fito da kuɗin ajiya, sannan ka ba asibiti bashi su ce kwana 30, ya koma 60, ya koma 90, wasu sai an shekara ana bin su. A takarda kamfani ya ci riba amma a banki babu kuɗin biyan albashi. Na sha ganin ɗan talla ya tura kaya masu yawa wurin da ya san ba sa biya da wuri don kawai ya cika taget a watan ƙarshe, ya karɓi bonas ɗinsa, bayan wata biyu kayan su dawo ko bashin ya maƙale. Wa ya ɗauki asarar? Don haka kamfanoni da yawa suke cewa sai kuɗi ya shigo. Ba kare su nake ba, ina so dai in za ka je ka yi magana ka san abin da za su faɗa maka.

Baban Ilham:
Malam Akanta na gode kuma na fahimce ka, wallahi da a watan ɗaya suka ce min haka da ban ce komai ba, da na tsara aikina daban, da na fi ba da ƙarfi wurin ƙananan asibitoci da kantunan magani masu biya nan take. Su da bakinsu suka ce mu bi manyan asibitoci don su ne ke ɗaukar kaya da yawa. Sannan wa ke sa hannu a ba da bashi? Ba ni ba ne. Ni oda nake kawowa, manajan kuɗi shi ke amincewa, akwai ma asibitin da nace a dakata da su don sun yi nauyi shi ya ce a ci gaba da ba su. Yanzu bashin nasu a kaina aka ɗora. Kuma kuɗin nan fa zai shigo, ko a watan biyu ko na uku, in ya shigo a lissafin wa zai faɗa? Sun ce shekara ta riga ta rufe.

Malam Akanta:
Toh nan kam ba ni da abin cewa, gaskiyarka ce. Canza ma'auni bayan an gama awo ba daidai ba ne ko a wurinmu masu lissafi. Kuma tambayarka ta ƙarshe ita ce makaminka, riƙe ta da kyau. In kuɗin kayan da ka sayar bana ya shigo baɗi kuma ba a lissafa maka shi a bana ba, ba a lissafa a baɗi ba, toh cinikin nan ya ɓace daga lissafin kowa sai na kamfani. Duk tsarin da aka gina a kan kuɗin da ya shigo dole ya bar ƙofa ta wata biyu ko uku bayan rufe shekara. Ka tambaye su wannan a natse ka ga me za su ce.

Maman Sultan:
Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ni ke karɓar kaya a sashenmu, bari ku ji yadda abin yake isowa wurinmu. Duk wata shida sai mun ga sabuwar fuska daga kamfanin da ke kawo mana kaya, ka saba da mutum ya san girman kanular da muke amfani da ita wa jarirai ya san irin safar hannun da ba ta sa wa wasu abokan aikinmu ƙaiƙayi, kwatsam a ce ya bar aiki, sabon ya zo ya kawo abin da ba shi ba mu fara daga farko. In ka tambayi wanda ya tafi amsar ɗaya ce, ba a biyansa yadda aka yi alkawari.

Sannan abin da ya fi damuna, ƙarshen shekara sai a dinga turo mana kayan da saura wata biyu ko uku su yi ekspaya a ce an yi mana ragi. Tsinken gwajin suga in ya wuce lokacinsa yana iya ba ka lambar da ba daidai ba, kuma da wannan lambar ake yanke yawan insulin da za a yi wa mutum. Sirinji da kanula kuma kwanan watan da ke jikin ledar shi ne iyakar lokacin da masana'anta ta tsaya maka cewa suna nan tsaf babu ƙwayar cuta. Wannan ba shinkafar da za ka ce a yi maneji ba ce, rai ne. Baban Ilham tsakaninka da Allah ku ma ana sa ku yin haka?

Baban Ilham:
Anti ana sa mu. Ana turo mana jerin kayan da suka kusa ekspaya a ce kowa ya san yadda zai yi da nasa kason. Ni dai ina faɗa wa kwastoma kwanan watan ƙarara, in zai iya shanye su kafin lokacin ya ɗauka in ba zai iya ba ya bari. Wasu sun ɗauka daga baya suka dawo da su, su ne kayan da yanzu ake cirewa daga lissafina. An tilasta maka ka tura, an dawo da su an hukunta ka.

Ɗan Sito:
Kuma kayan nan ba da kansu suka tsufa ba. Ƙa'idar sito sananniya ce, wanda zai riga ekspaya shi zai riga fita, ana bin lambar rukunin kaya da kwanan wata. Mu muna rubuta rahoto duk wata mu ce kaya kaza ya yi yawa kar a ƙaro, masu sayo kaya su ƙaro saboda an yi musu ragi in sun ɗauki da yawa, su a wurinsu wannan nasara ce ana yaba musu. Bayan shekara ɗaya ya dawo kan ɗan talla da ɗan sito.

Direban Kula:
Salam. nima bari in sa baki duk da ban iya dogon rubutu ba. ni motar sanyi nake ja, allurar rigakafi da insulin da wasu kayan gwaji, dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, in yayi zafi ya lalace in kuma ya daskare ya lalace, akwai na'ura a cikin motar tana rubuta sanyin duk tafiyar. wata uku ina cewa firij ɗin motar yana wasa a gyara ana cewa babu kuɗi a jira. ranar da ya tsaya a hanya na kira supabaiza sau biyar bai ɗauka ba, na juya da kayan na faɗi gaskiya don bazan kai wa mara lafiya abin da na san ya lalace ba. kweri aka bani kuma aka yanki albashina wata biyu. wani abokin aikina yace da ka kai kawai kayi shiru wa zai sani. kunga inda abin yake kai mutane. obataim kuwa tun da na fara ban taɓa gani ba, fita kafin asuba dawowa bayan isha

Maman Sultan:
Innalillahi. Malam direba Allah ya saka maka da alheri, wallahi ka ceci mutanen da ba za su taɓa saninka ba. Insulin da ya lalace sau da yawa ido ba ya ganewa, sai dai ka ga sugan mutum ya ƙi sauka kana ta mamaki.

Hajiya Babba:
Na karanta duka tun daga sama. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, don haka Baban Ilham saurare ni da kyau ƙanena.

Abu na farko ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki yau ɗin nan ka karanta. Bonas iri biyu ne, akwai wanda aka rubuta da sharuɗɗansa, wannan ɓangare ne na ladanka, akwai kuma wanda aka bar wa kamfani zaɓi. Layin nan da suka sa a ƙarshen imel na in hukuma ta ga dama, ƙoƙari ne na mayar da na farko ya koma na biyu. Tunda da baki aka faɗa muku aikinka shi ne ka nemo duk abin da ke nuna an yi alkawarin, saƙon da manaja ya taɓa turowa a guruf yana cewa ku dage bonas na jiranku, jadawalin taget da ake turo muku duk wata wanda ke nuna da ciniki ake auna ku ba da kuɗin da ya shigo ba, takardar albashin bara in an taɓa biya da tsohon lissafi. Wannan na ƙarshen yana da ƙarfi sosai, don abin da aka saba yi shekara da shekaru ba a share shi da imel ɗaya. Ka adana su a wurin da ba kwamfutar ofis ba, amma naka kawai, kar ka kwashi bayanan kwastomomi ko farashin kamfani.

Na biyu kar ka je kai kaɗai kuma kar ka je da zafi. Ku sha bakwai abin ya shafa. Takarda ɗaya, shafi ɗaya, ladabi, tambayoyi uku ko huɗu, kowa ya sa hannu. Wanda ya je shi kaɗai ana kiransa mai taurin kai, sha bakwai kuwa dole a zauna da su.

Game da yankan albashin Ɗan Sito da direba, wannan ya ma fi na bonas muni a wurina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 95 tun 1949 a kan kare albashi, ta ce ba a yankar albashi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da dokar ƙasa ko yarjejeniyar ma'aikata ta tanada, ta kuma ce a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan biyansa kafin ya fara aiki da duk lokacin da aka yi canji. Tana aiki ne a ƙasashen da suka rattaba hannu, kuma a aikace dokar ƙwadagon ƙasarku ita za ku riƙe, ku nemi ofishin ƙwadago ko lauyan da ya san fannin ku nuna masa takardun albashin da aka yi yankan. Maganar awanni kuma direba, yarjejeniyar ILO ta farko ma a 1919 a kan haka aka yi ta, awa 8 a rana 48 a mako a masana'antu. Sama da shekara ɗari kenan, ba sabon abu kake roƙo ba.

Sabon Shiga:
Ina ta jin nauyin magana saboda ni ne irin yaron da Baban Ilham yake faɗa, ba a kamfaninsu ba amma labarin ɗaya ne. Wata takwas da ɗaukata, ranar da na sa hannu aka ce min albashi sirri ne duk wanda ya faɗa wa wani za a iya korarsa. Daga baya na gane na fi wanda yake koya min aiki, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha, tun ranar ba na iya haɗa ido da shi sosai. Ni ban roƙi a fifita ni ba abin da suka ce za su bayar na karɓa. Yaya don Allah kar ka riƙe yaron naku a zuciya.

Baban Ilham:
Ko kaɗan ƙanena, ai shi ma ya sa rai da bonas ɗin nan an hana shi. Allah ya sanya albarka a abin da kuke samu.

Hajiya Babba:
Yadda abin yake faruwa shi ne, sabon ma'aikaci ana ɗaukarsa da farashin kasuwar yau don in ba a ba shi haka ba ba zai zo ba, tsoho kuma an bar shi a farashin shekarar da ya shigo ana ɗan yayyafa masa ƙari ko a hana shi gaba ɗaya, saboda an san ya zauna yana da iyali ba zai motsa da sauƙi ba. Sirrin albashin da ake tsoratar da ku da shi wannan giɓin yake rufewa. A Amurka dokar ƙwadago ta 1935 ta ba yawancin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu 'yancin tattauna albashinsu a tsakaninsu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da doka a 2023 da ta hana a sa wa ma'aikaci sharaɗin ɓoye albashinsa, aka ba ƙasashensu zuwa Yunin 2026 su shigar da ita dokokinsu. Kowa ya duba ta ƙasarsa kafin ya buɗe baki, amma ku sani ba ku ne ke amfana da shirun ba.

Kawu:
Duk na ji ku. Masu zuga shi ya kai takarda, ranar da aka ba shi takardar sallama wa zai ciyar masa da yara a cikinku? Na ga irin wannan da idona, waɗanda suka ce muna bayanka su suka fara zamewa. Ni ba na goyon bayan zalunci amma na san duniya.

Ɗan Sito:
Irin wannan tsoron ne ya sa muka shekara tara a wuri ɗaya Kawu. Kowa ya yi shiru don yaransa, su kuma sun san haka shi ya sa suke yi.

Kawu:
Toh kai da ka shekara tara me ya hana ka kai taka takardar?

Ɗan Sito:
Tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Kuma mu huɗu ne kawai a sito ana iya maye gurbinmu a mako ɗaya. Su 'yan talla su ke riƙe da kwastomomi, maganarsu tana da nauyin da tamu ba ta da shi.

Hajiya Babba:
Maganar Kawu ba ta banza ba ce, a ɗauke ta. Shi ya sa nace a rubuce, da ladabi, da yawa, kuma tambaya za ku yi ba barazana ba. Sannan Baban Ilham ka gyara takardunka na neman aiki ka fara dubawa a hankali, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shekara shida a kayan asibiti wanda ya san masu sayen kaya da sunayensu ba ya rasa mai so. Ka dai duba ko ka sa hannu a wani sharaɗi da ya hana ka komawa wurin abokan gasarsu na wani lokaci.

Malam Akanta:
Bari in ƙara abu biyu da za su yi maka amfani a zaman. Shekara uku babu ƙari ba tsayawa wuri ɗaya ba ne, ragi ne. Misali kawai, ko da an ƙara maka kashi 5 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 15, abin da albashinka ke iya saya ya ragu da kusan kashi 9. Kai da ba a ƙara maka komai ba ka nemo alƙaluman hauhawar farashi na hukuma na shekarun nan uku ka haɗa, ka tafi da lamba a hannu, manajoji sun fi jin lamba a kan ƙorafi.

Na biyu ka lura da taget ɗin baɗi. Al'adar da yawansu ita ce su ɗauki abin da ka yi bana su ɗora wani kaso a kai, wato 112 ɗin nan naka shi zai zama sabon 100. An hana ka ladansa kuma za a auna ka da shi. Taget marar kan gado yana lalata kamfani da kansa, ku tuna bankin Wells Fargo a Amurka, an matsa wa ma'aikata da taget har suka dinga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, a 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, an kori ma'aikata kusan 5,300, shugaban bankin ma daga baya ya sauka. Can asusun banki ne. Nan abin da matsin yake haifarwa shi ne abin da Maman Sultan da direba suka faɗa.

Baban Ilham:
'Yan uwa na dawo, ku yi haƙuri kwana tara shiru. Mun rubuta takardar kamar yadda Hajiya tace, mutum sha huɗu suka yarda, daren da za mu kai biyu suka kira ni suka ce a cire sunansu, Kawu ka faɗa kuma ban ga laifinsu ba. Mu sha biyu muka sa hannu har da yaron da nake koya wa aiki. Na haɗa da jadawalin taget na wata goma sha ɗaya da takardar albashin bara da ta nuna da ciniki aka biya mu.

Jiya aka kira uku daga cikinmu muka zauna da manajanmu da manajan kuɗi da shugaban kamfanin. Da farko an yi ta maganar halin da kasuwa ke ciki da bashin asibitoci, na bari suka gama sannan na yi tambayar Malam Akanta, nace ranka ya daɗe kuɗin kayan da muka sayar bana in ya shigo a watan biyu a lissafin wace shekara zai shiga. Shugaban ya juya ya kalli manajan kuɗi, shi kuma ya fara duba takardu. Ashe shi shugaban bai ma san an yi mana alkawarin wata biyu da baki ba, ko dai haka yace.

Inda aka tsaya, za a bar lissafin a buɗe har kwana 90 bayan rufe shekara duk kuɗin da ya shigo a lissafa mana, kayan da suka dawo saboda kusantar ekspaya ba za a cire mana su ba, kuma tsarin baɗi za a ba mu a rubuce kafin watan ɗaya ya ƙare. Ƙarin albashi sun ce sai an duba. Layin in hukuma ta ga dama kuma sun ƙi cirewa. Da wannan lissafin ina ganin zan iya kaiwa in manyan asibitoci biyu suka biya a kan lokaci, in ba su biya ba shi kenan.

Ɗan Sito:
Alhamdulillah an samu wani abu. Na sito da direbobinku fa, an taɓo maganarsu?

Baban Ilham:
Na taɓo ɗan uwa, saboda kai da direba na sa shi a takardar a matsayin tambaya ta huɗu, yankan albashi ba tare da bincike ba da gyaran firij ɗin motocinmu don mu ma ɗaya tana wasa. Shugaban ya rubuta maganar firij ɗin a littafinsa yace a kawo masa rahoto, ta yankan albashi kuma yace ba ita ta tara mu ba. Na faɗa wa 'yan sitonmu su tattara takardun albashinsu na watannin da aka yanka.

Hajiya Babba:
Madalla. Amma ƙanena duk abin da ka lissafa ɗin nan an ba ku shi a rubuce ko shi ma da baki ne?

Baban Ilham:
Da baki ne Hajiya. Ina fitowa na zauna na rubuta abin da aka amince da shi ɗaya bayan ɗaya na tura wa su ukun ta imel na sa sauran sha ɗayan a ciki, nace in akwai inda na yi kuskure a gyara min. Har yanzu babu wanda ya amsa. Na buga shi a takarda, ranar Litinin da safe zan kai ofishin shugaban in nemi a sa min hannu.